Harafin Bayan Mota: Abin Da Na Gani A Cinikin Yayana

Ƙannena 'yan mata, musamman ku da ke makaranta. Na san halinku sarai. Da yawanku ko jadawalin lissafi bai zauna muku a ka ba kamar yadda sunayen motoci suka zauna. A yi sallama da yarinya a ƙofar gida, kafin ta gama shafa hoda ƙannenta sun leƙa sun dawo da rahoto: Honda ce, kuma EX ce ba LX ba. Nan take sai ka ga tafiyar ma ta canza. To yau a kan waɗannan 'yan haruffa na bayan mota nake so mu yi hira, domin na ga ranar da suka kusa cinye wa gidanmu noman shekara guda.

Mu mutanen Dawakin Kudu ne, kuma Babanmu direba ne tun yana saurayi har ƙarfinsa ya ja baya. Shi ya fara fahimtar da ni cewa mota ɗaya tana da aji-aji. Ya ce tun da kamfanin Peugeot ya fara haɗa 504 a Kaduna a 1975, za ka ga mota biyu jiki ɗaya, fenti ɗaya, amma wannan an rubuta mata GR, waccan SR, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba. Haka Honda Accord da ake kawowa daga Amurka take da DX da LX da EX. Masu ƙera mota kan yi gangar jiki guda, sannan su bambanta kayan ciki: kujeru, na'urar sanyaya wuri, birki, giya, wani lokaci har da injin. Harafin nan da ke maƙale a but shi ne alamar ajin da motar take. Dillalan Kano kuwa sun taƙaita zancen, in mota ta haɗa komai sai su ce maka ful ofshin ce.

Yayana manomin rani ne. Gonarsa tana gefen Bunkure, cikin filayen da ke shan ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Wanda bai taɓa zuwa yankin Kadawa da Kura da Garun Malam da rani ba, ba zai gane abin da nake nufi ba: ko'ina a ƙasar Kano ya bushe ƙayau, amma can kore shar, ga shinkafa, ga alkama, ga tumatir da albasa. Sai dai kuɗin noman rani kamar ruwan kwata yake, yau ya cika gobe ya janye. Ba mu manta 2016 ba, shekarar da tsutsar nan Tuta absoluta ta afka wa tumatir, manoma da yawa suka tashi ba uwa ba riba. Yaya yana cikinsu, kuma sai da ya shekara biyu yana biyan bashin taki.

A 2021 Allah Ya buɗa masa. Shinkafa ta yi kyau, tumatir ya yi daraja a Kwanar Gafan, ya riƙe kuɗin da bai taɓa riƙe irinsu ba. A lokacin kuma yana neman wata yarinya a Kura, kyakkyawa mai natsuwa, ga kunya. Matsalar ita ce ba shi kaɗai ba ne. Akwai wani ɗan birni da ke zuwa zance cikin dalleliyar mota, shi kuwa Yaya a kan babur yake zuwa, ƙafarsa duk jar ƙasa. Ran nan ya dawo ransa a ɓace, ya ce da ni, "Ƙanwata, wallahi mota zan saya, kuma irin wadda duk Kura ba mai ita." Da yake ni ke rubuta masa lissafin gona tun ina aji huɗu na sakandare, dole aka sa ni cikin shawara.

Motar da ta shiga ransa Toyota Celica ce, 'yar ƙofa biyu mai kwantaccen gaba, irin ta samari masu son gudu. Kamfanin Toyota ya fara yin ta a 1970, ya daina a 2006, don haka duk wadda ka gani yau tsohuwa ce, ta bi hannu da hannu. Samfurin ƙarshe, wanda aka sayar a Amurka daga 2000 zuwa 2005, aji biyu ne: GT da GT-S. Harafi ɗaya tak ya raba su, amma kuɗin da dillalai suka ɗora a kan harafin nan, da na buga lissafi, ya kai kuɗin takin da irin da Yaya zai buƙata a noman da ke tafe. Shi kuwa ya kafe, GT-S ko a fasa.

Baba bai hana shi ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ba a sayen kifi a ruwa. Ka tafi da aminina, ka tafi da ƙanwarka ta riƙe takarda da biro." Aminin nasa tsohon bakanike ne da muke kira Kawu, mutum mai ƙarancin magana, hannunsa duk kanta.

A filin sayar da motoci na farko da muka shiga cikin birni, muka tarar da ja, tana ta sheƙi, ga GT-S ɓaro-ɓaro a bayanta. Dillalin ya dinga zuba kamar kanya: "Alhaji ƙarami, wannan ai taka ce, lamba ɗaya ce, ko ruwa ba ta sha." Yaya har ya fara murmushi. Kawu bai ce uffan ba, ya sa aka ɗaga bonet. Ya nuna mini murfin injin ya ce, "'Yata, karanta mini." Na karanta: VVT-i. Ya leƙa ciki ya ƙirga giya, biyar. Ya durƙusa ya duba tayar baya, ya ce birkin na kwano ne. Sannan ya miƙe ya kaɗe gwiwarsa ya ce da Yaya, "Ɗana, harafin na GT-S ne, motar kuwa GT ce. Mu tafi."

A hanya ya warware mana, ni kuma ina rubutawa. GT-S ta gaskiya, murfin injinta VVTL-i ke rubuce, da ƙarin harafin L. Injin nata 2ZZ-GE ne, wanda Toyota ta yi tare da kamfanin Yamaha, ƙarfinsa doki 180. In mai giyar hannu ce, giyarta shida, kuma birkinta na faifai ne gaba da baya. Ita kuwa GT injinta 1ZZ-FE, doki 140, giyar hannu biyar, birkin baya na kwano. Dukkansu lita 1.8 ne, shi ya sa mai kallo daga nesa ba zai bambance ba. Ya ce harafin but ɗan ƙarfe ne da kowa zai iya saya ya liƙa da gam, amma lambar da aka buga a jikin injin, da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, su ba sa ƙarya in dai ba a taɓa su ba. Don haka a haɗa su da abin da ke cikin takardun mota da na kwastan, a ga ko sun yi daidai.

Ƙannena, ku dubi wannan da kyau. Da Yaya shi kaɗai ya je, da ya biya kuɗin babban aji ya karɓo ƙarami, yana ta godiya. Kallon kitse ake wa rogo ke nan.

Kwana uku muna yawo kafin muka dace da GT-S ta ainihi, baƙa, da kuma wata GT ruwan toka mai tsabta a wurin wani ma'aikaci da zai sayar don ya biya kuɗin makarantar yara. A nan ne ciniki ya zama na hankali, domin yanzu ba maganar yaudara, magana ce ta wacce ta dace da mai saye. Kawu ya tuƙa kowacce, ya saurari kukan injin, ya duba hayaƙi, ya zaro sandar gwada mai ya murza a yatsa. Ya ce irin injin GT na shekarun farko ya yi suna wajen shan man injin in ya tsufa, don haka dole a duba hayaƙin salansa, a kuma riƙa leƙa mai a kai a kai. Ta ma'aikacin nan dai ta tsallake.

Sai ya zaunar da Yaya a inuwar wata darbejiya ya yi masa tambayoyi uku. Na farko, a ina za ka yi gudun? Ya ce ƙarin dokin nan 40 na GT-S ba ya fitowa sai an matse injin ya haura juyi dubu shida a minti, wanda a titin Kano zuwa Zariya, tsakanin tireloli da 'yan kasuwa da dabbobi, neman ajali ne. In kana tafiyar mutunci, kusan ɗaya za ka ji su. Na biyu, wane mai za ka ba ta? Injin GT-S an yi shi ne don fetur mai daraja ta sama, mu kuwa a gidajen manmu fetur iri ɗaya ake zuba wa kowa. Na uku, in ta lalace wa zai gyara? Ya ce injin GT shi ne dai wanda ke cikin Corolla ta shekarun nan, wadda ta cika gari, kayanta ga su nan a Ƙofar Ruwa, kuma ko yaron gareji a Kura ya san cikinsa. Na GT-S kuwa sai an yi cigiya, wani lokaci sai an aika Legas, mota na zaune ana jira.

Yaya ya yi shiru. Can ya ce, "Kawu, amma fa ita yarinyar..." Kawu ya katse shi, "Yarinyar ta ce maka ta san bambancin L da babu L?"

Wannan tambayar ni aka bar wa amsarta. Ranar Juma'a na shirya na tafi Kura da sunan kai mata tsarabar tumatir. Muna ɗaki mu biyu na ɗan zolaye ta da zancen mai dalleliyar mota. Ta rufe fuska da mayafi tana dariya, ta ce, "Anti, ni ba zan ɓoye miki ba, ina son a ɗauke ni a mota kamar kowace mace. Amma motar wancan, sau uku yana zuwa da kala uku, ƙanina ya ce a wurin masu sayarwa yake aro. Yayanki kuwa na san gonarsa, Babana ya san gonarsa. Ki ce masa kada ya taɓa kuɗin taki saboda ni, don in gona ta mutu ni zan sha wuyar a gidansa." Yarinya 'yar shekara goma sha tara ke nan. Wallahi sai da na ji ƙwalla ta taru mini.

Yaya ya sayi GT ruwan toka. Ragowar kuɗin ya kasa uku: taki da iri, injin ban-ruwa sabo, da cikon lefe. Ba zan ce muku motar ta dace da manomi ba, don ba ta dace ba. Ƙasa-ƙasa take, hanyar bakin kwata kuwa duk kunya da rami, don haka a bakin kwalta yake ajiye ta ya hau babur ya ƙarasa gona. Kujerar baya kuma sai yara, ranar da Goggonmu ta gwada shiga sai da aka yi ta dariya har ita kanta. Amma ya more ta. Ranar ɗaurin aure samarin Kura sun kewaye ta suna shafawa, kuma cikinsu ba wanda ya tambayi ina harafin S.

Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, ga shi kuma an yi haihuwa, sai ya sa ta a kasuwa don ya sayi mai ƙofa huɗu da za ta ɗauki iyali da buhu. Ba ta yi mako biyu ba aka saye, kuma abin da ya ja hankalin mai sayen shi ne jin cewa injinta na Corolla ne. Kawu da ya ji labari ya ce, sayen na gari mai da kuɗi gida.

Yanzu bari in juyo gare ku. Ban ce ku ƙi mai mota ba, jin daɗi ba laifi ba ne, kuma ba wadda ke fatan tafiya a rana. Amma in saurayi ya faka a ƙofar gidanku, harafin bayan motarsa ba zai faɗa muku ko tasa ce ba, ko bashi ya ci, ko jarin sana'arsa ya narkar don ya burge ku. Wanda ya karya jarinsa saboda ke yau, gobe da ke za a zauna a ci tuwo ba miya, kuma ba mamaki ya riƙa goranta miki. Ku bar iyaye da yayye su yi muku irin aikin da Kawu ya yi: su ɗaga bonet, su binciki sana'a, su tambayi maƙwabta, su ga ko abin da ya faɗa ya yi daidai da abin da ke ƙasa. Bincike kafin aure ba tozarci ba ne, kuma mai gaskiya ba ya jin haushinsa.

Ku kuma da Allah zai hore wa sayen taku motar nan gaba, tunda yanzu ga malamai mata da ma'aikatan jinya suna tuƙa kansu zuwa aiki, ku riƙe waɗannan: ku tafi da bakaniken da ba na dillali ba, ku karanta abin da ke jikin injin da idonku, ku haɗa lambar shasi da takardu, sannan ku tambayi kanku ko ƙarin da za ku biya na abin da za ku yi amfani da shi ne kullum. Na'urar sanyi mai aiki a zafin watan Afrilu ta fi muku doki 40 da ba za ku taɓa sukuwa a kansu ba.

Karatun da kuke yi shi ne zai ba ku wannan idon, don haka a dage. Allah Ya haɗa kowacce da rabonta na alheri, Ya raba mu da kitsen rogo. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, taku har kullum, Antinku ta Dawakin Kudu.