Raket Ɗaya Ba Ya Wasa

Bayan gasar Olamfik ta Rio a 2016, Greysia Polii, 'yar Indonesiya mai buga badminton na mata bibbiyu, ta yi niyyar ajiye raket. Ita lafiyarta lau. Abokiyar wasanta ce, Nitya Krishinda Maheswari, wadda suka ci zinare tare a gasar ƙasashen Asiya ta 2014, ta ji rauni har aka yi mata tiyata. A wasan bibbiyu kuwa, wadda ta rasa abokiya ta rasa sana'a.

Dama Greysia ta sha ɗacin wannan wasa. A Landan a 2012 tana cikin mata takwas da aka kora daga gasar, bisa laifin neman faɗuwa da gangan don su samu abokan karawa masu sauƙi a zagaye na gaba. A 2017, tana dab da shekara 30, aka haɗa ta da Apriyani Rahayu, yarinya 'yar shekara 19 daga wani ƙauye a tsibirin Sulawesi, wadda ta fara wasa da raket na katako da mahaifinta ya sassaƙa mata. Ranar 2 ga Agusta 2021, a Tokyo, suka doke Chen Qingchen da Jia Yifan na ƙasar Sin da ci 21-19 da 21-15. Shi ne zinaren Olamfik na farko da Indonesiya ta samu a wasan mata bibbiyu.

A waya na kalli wasan nan a Kazaure, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda suke juyawa. In suna kai hari, ɗaya na gaban raga, ɗaya na baya tana kwaɗa ƙwallo. Da zarar ƙwallon ya tashi sama zuwa ga abokan hamayya, sai su raba filin dama da hagu su tare. Ba wadda ke kiran wata. Irin wannan fahimtar juna sai an shekara ana gumi tare.

Shi ya sa nakan tuna 'yar yayata da ke Roni. Ita da ƙawarta sun samu raket biyu na gwanjo, igiyar shanya ce ragarsu a tsakar gida, kuma duk wanda ya gan su ya san akwai hannu. Da suka gama aji uku na sakandare aka ɗaura wa ƙawar aure, aka kai ta wani gari. Babu wanda ya hana 'yar yayata wasa. Da na tambaye ta raket ɗin, cewa ta yi: “Kawu, da wa zan buga?”

Mukan ce rashin kayan aiki ne ke kashe baiwar yaranmu, kuma da gaskiya a ciki. Amma badminton ba ya cin fili: tsawon mita 13.4, faɗin mita 6.1. Ƙwallonsa na gashin tsuntsu 16 ne, nauyinsa kimanin giram biyar, iskar hunturu kaɗan ta isa ta kwashe shi, don haka a cikin ɗaki ake buga shi. Ashe ko iyayen da ke gudun a ga 'yarsu tana tsalle a fili sun samu mafita: babban zauren makaranta, mata zalla, da malama mai horarwa. Kuma 'yan Najeriya ba baƙi ba ne a wasan. Grace Gabriel, haifaffiyar Jos, ta zama zakarar Afirka a 2012 da 2013, Dorcas Adesokan kuma ta je Tokyo.

Abin da ya fi raket tsada shi ne yarinya ta biyu, wadda za a bari ta daɗe a makaranta har su saba da juna. Duk mai son ganin 'yar Babura ko Gwiwa ta ɗaga tutar ƙasar nan wata rana, to gida biyu zai shiga neman izini, kuma dukansu biyu sai sun yarda su jira.