Mu 'Yan Ƙarshen Dogo

Duk wanda ya tashi a garinmu Katuru, cikin ƙasar Shinkafi, ya san idan aka ce "ƙarshen dogo" to Ƙaura Namoda ake nufi. A nan ne layin jirgin ƙasa da ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya zo ya tuƙe a shekarar 1929. Daga nan ba gaba. Mu mutanen Katuru da Shinkafi da Moriki da Zurmi, ko ƙarshen dogon ma bai iso mu ba, sai mun yi tattaki mun cim masa. Amma duk da haka namu muke ɗaukarsa, don kuwa ta nan gyaɗarmu da audugarmu suke fita, ta nan kuma kananzir da gishiri da atamfa suke shigo mana.

Ina ɗan shekara goma na fara shiga jirgi, ranar da mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya tafi da ni Zariya gaida ƙanensa. A Ƙaura muka kwana, kan tabarma, a rumfar tasha. Ban runtsa ba don ɗoki, amma gab da asuba barci ya sace ni. Sai ji na yi Baba yana girgiza ni yana cewa, "Tashi, ɗana, jirgi ba shi jiran ko ɗan sarki." Har yau ina iya jiyo ƙamshin ƙosan da mata ke miƙo wa ta taga a Gusau, da ƙarar usur, da wani dattijo da ya shimfiɗa buzunsa tsakanin kujeru ya yi sallarsa a natse, abinsa kamar yana zauren gidansa.

Kada mai karatu ya zaci zan wanke jirgin nan tas, in mai da shi waliyyi. A'a. Yakan makara, wani lokaci a wuni ana jiransa. Taragon talakawa kuwa cunkoso ne da kaji da buhuna da kukan yara. Sai dai akwai abu biyu da ba zan manta masa ba. Na farko, kuɗin tikiti a rubuce yake, abin da attajiri zai biya a tarago ɗaya shi almajiri zai biya, ko ana sallah ko ana ruwan sama. Na biyu, akwai wanda za ka tambaya. Idan jirgi ya makara, shugaban tasha yana nan cikin ofishinsa da wayarsa, zai gaya maka inda jirgin ya tsaya da dalilin tsayawar. Kana iya yin fushi da amsarsa, amma dai ka samu amsa.

Sannu a hankali abin ya yi ta ja da baya. Aka ɗauko Indiyawa a 1979 su gyara harkar reluwe, suka yi 'yan shekaru suka tafi. A 1995 aka ba wani kamfanin ƙasar Sin kwangilar farfaɗo da ita. Mu dai da ke ƙarshen dogo muna ji a rediyo, muna leƙa tasha, ciyawa tana ƙara tsawo tsakanin ƙarafuna. Ni kam na manta rabona da in tsaya a Ƙaura da niyyar shiga jirgi.

Yau shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina aiki a Gusau, iyalina suna Katuru. Ran Juma'a in tafi gida, ran Litinin da sassafe in koma. Duk wannan zirga-zirga a motar 'yan kasuwa nake yinta, saboda haka idan ana maganar yadda ɗan kasuwa ke ɗaukar matafiyi, ba labari aka ba ni ba.

Za ka zo tasha ka tarar da ƙaramar mota, mutum huɗu a ciki, ɗan kamasho yana ta kwarara ihu, "Saura mutum guda! Ƙaura, Gusau, saura mutum guda!" Ka biya ka shiga. Can sai ka ga biyu daga cikin waɗanda ka tarar sun sulale sun koma gindin mai shayi, ashe 'yan cika ido ne aka zaunar don a jawo irinka. Sai an jera biyu a gaba, huɗu a baya, wani lokaci har da yaro a but, sannan mota za ta motsa. Kuɗin mota kuwa ba shi da gindi: na ran Alhamis, da kasuwar Shinkafi ke ci, daban, na jajiberin sallah daban, idan hadari ya haɗo ma daban. Ka yi magana a ce maka, "Malam, in ba ka zuwa sauka, ga wani nan."

Ban cika ganin laifin direba ba. Shi ma a wuya yake. Motar ba tasa ba ce, kullum sai ya kai wa mai ita balas, ga tsadar mai, ga ramukan hanya da ke cin taya, ga shingaye barkatai da kowanne sai ya miƙa hannu ta taga. Wanda aka matsa shi ma sai ya nemi wanda zai matsa, ni kuwa fasinja ni ne a ƙasa.

A cikin wannan matsi abokin tafiyarmu ɗaya ne, wato rediyon mota. Mu Hausawa ba a raba mu da rediyo. Mahaifina da akwatinsa yake zuwa gona, ya rataye a reshen ƙirya yana sauraren Kaduna. Lokacin da aka yi dokar 1992 wadda ta ba 'yan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo, na farkonsu ya fara aiki a Legas a 1994, daga baya abin ya iso Arewa, murna muka yi ƙwarai. Muka ce to, yanzu za a samu mai faɗin abin da ya dame mu, da harshenmu, a kusa da mu. Ban ce ba a samu komai ba. An samu filayen da talaka ke buga waya ya amayar da cikinsa, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Amma bari in ba ku labarin wata Litinin.

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan wayar salula a jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka kuma dakatar da cin kasuwannin mako. Muka koma kamar zamanin da. Ba ka da halin buga waya ka tambayi wanda ya riga ka fita ko hanya lafiya. A cikin wannan hali ne ciwon Innata ya tashi, likita kuwa ya riga ya ba mu ranar da zai duba ta a Gusau. Na biya kuɗin kujera biyu a gaba don ta sake. Tun kafin mu tashi ta dube ni ta ce, "Kai ko ka ji labarin hanya?" Na ce, "Inna, ga rediyo nan a kunne, in da wani abu ai da sun faɗa."

Me rediyon ke faɗa? Da farko wani mai magani ne ya sayi rabin awa, yana lissafa cututtuka goma sha da kwalba ɗaya ke warkarwa. Yana gamawa aka sako waƙar wani ɗan siyasa. Bayanta aka shiga gaishe-gaishe, ana miƙa gaisuwa ga Alhaji wane da Hajiya wance da dukan masu riƙe da akwati. Da lokacin labarai ya yi, aka karanto mana cewa wani babba ya karɓi baƙuncin wani babba, ya kuma yi kira ga jama'a da su ci gaba da addu'a.

Ba mu kai Moriki ba sai ga wata mota ta taho a guje, direbanta yana ta walƙa fitila yana kaɗa hannu. Direbanmu bai tsaya tambaya ba, ya yi kwana a tsakiyar titi. Muka koma wani ƙauye muka rakuɓe gindin bishiya tare da motoci sun fi goma, ba mai cewa uffan sai salati. Inna tana jingine da kafaɗata tana nishi, rediyo kuwa bai fasa ba, mai gabatarwa yana ta raha da wani abokinsa a kan wasan ƙwallon Ingila. Sai da dattijon da ke bayanmu ya ce wa direba, "Don Allah ɗana, kashe muna abin ga." Sai bayan la'asar aka ce hanya ta buɗe. Muka isa Gusau likita ya tashi, aka sake ba mu wata rana bayan mako biyu. Da dare, a ɗakina, na murɗa akwati na kamo wata tashar ƙasar waje, sai ga labarin hanyarmu ana bayarwa. Wato sai da labarin ya je Turai ya dawo sannan ya iso kunnen waɗanda abin ya rutsa da su.

Inna ta samu sauƙi daga baya, alhamdu lillahi. Amma tambayar da ta yi mini, da amsar da na ba ta da gaba gaɗi, sun tsaya mini a rai. Na san ma'aikatan gidajen rediyon nan, wasunsu abokaina ne. Akwai mai wata da watanni bai ga albashi ba. Gidan da ke kwana yana wuni a kan janareta dole ya sayar da fili ga duk mai kuɗi. Akwai kuma tsoro, don faɗin abin da ya faru a hanya yana iya jawo wa mutum fushin hukuma ko na mutanen daji. Duk na yarda. Sai dai minti biyar kacal da safe, a ce hanya kaza lafiya, hanya kaza a dakata, gada kaza ruwa ya cinye, nawa zai ci? Gidan da ke da filin cigiyar akuya bai kamata ya rasa filin matafiya ba.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance yanzu shi ne muhawarar da ake yawan yi cewa maganin reluwe shi ne a miƙa ta ga 'yan kasuwa. A watan Maris na 2023 aka sa hannu kan gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi ikon shiga harkar jiragen ƙasa, wadda a da ta gwamnatin tarayya ce ita kaɗai. Masu wannan ra'ayi suna cewa kayan gwamnati ba su da mai su, shi ya sa suke lalacewa. Da gaskiyarsu, mun gani da idonmu. To amma a duba Ingila, inda aka haifi jirgin ƙasa. A 1993 suka yi dokar sayar da nasu, kamfanoni suka rarraba layuka. Bayan shekara talatin na kukan tsadar tikiti da soke tafiya, a 2024 suka sake yin wata dokar ta mai da jiragen fasinja hannun hukuma. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu kuma 'yan ƙarshen dogo muna da namu dalilin na fargaba. Turawa ba don kakannina su je gaida dangi suka shimfiɗa ƙarfe har Ƙaura ba. Gyaɗa da auduga suka biyo, taragon fasinja jela ce aka ɗaura a baya. Da gyaɗa ta ja baya, mota kuma ta ƙwace kaya, sai layin ya zama maraya. Duk wanda riba kaɗai ta kawo shi, tsakanin manyan birane zai tsaya, inda fasinja ke da yawa da kuɗi. Aka buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, aka aza harsashin na Kano zuwa Maraɗi a 2021, muna taya su murna. Amma wa zai tuna da reshen da ya ƙare a bakin gulbin Gagare, in ba an rubuta shi cikin sharaɗi ba?

Ni dai matafiyi ne, ba ruwana da sunan da ke jikin tarago ko jikin eriya. Ko gwamnati ko ɗan kasuwa, abin da nake nema bai wuce abin da shugaban tashar nan na Ƙaura yake ba mahaifina ba: a sanar da ni kuɗin da zan biya, da lokacin da za a tashi, idan kuma akwai abin da ya tare hanya a gaya mini tun ban fito da tsohuwata ba. Wanda ya karɓi kuɗina ko ya ari kunnena, amana ya ɗauka.

Kwanan baya na bi da ƙaramin ɗana ta tsohuwar tashar Ƙaura. Ya tsaya kan dogo yana duban inda ƙarafunan suka miƙe suka ɓace cikin ciyawa, ya ce, "Baba, yaushe jirgin zai zo?" Na buɗe baki zan ce masa in za shi zo za mu ji a rediyo, sai na tuna da Inna. Na kama hannunsa na ce mu hanzarta, kada mota ta cika.

Allah ya kiyaye mana hanyoyinmu, ya kai kowane matafiyi gida lafiya, amin.