Lissafin da muke yi kafin a ɗaure kaya

'Yan'uwa mata, da yawa cikinmu yanzu muna da aikin wata ban da sana'ar gida. Wata tana koyar da yara a lakwal ta kuɗi, wata tana shara a asibiti, wata tana ɗinki a shagon wani. Watarana sai salula ta yi ƙara, a ce ga aiki irin naki a wani wuri, kuɗin kuma ya fi. A ƙungiyarmu ta asusu a nan Maraɗi abin ya same mu sau biyu cikin shekara guda. Mun ga ya kamata mu faɗa muku yadda muka yi lissafinsa.

Ta farko sakatariyarmu ce, mai riƙe da littafin zubi. Shekararta shida tana koyar da ƙananan yara a wata lakwal ta kuɗi, ana ba ta jika 50 a wata. Sai wata lakwal a Yamai ta neme ta, aiki iri ɗaya, jika 65. Ranar zubi ta kawo maganar ta ce: "Iyayena da yayyena, ku ba ni shawara, kaina ya ɗaure."

Mu ma muna da son rai a cikin maganar, domin ita kaɗai ke iya rubuta littafinmu tsaf. In ta tafi, wa zai riƙe mana lissafin bashi? Shi ya sa Hajiya shugaba ta ce kada kowa ta ce mata zauna ko tafi. A yi abin da muka saba yi ranar buɗe akwati: a zube komai a kan tabarma, a ƙirga gaban kowa.

Tambayar farko ita ce, wata nawa ake biya a shekara? A inda take ana ba ta albashi har cikin bakansi, wata 12, jika 600 ke nan. Da ta kira Yamai sai aka ce mata su suna biya ne daga Oktoba zuwa Yuni, wata 9. Jika 65 sau tara, 585. Ashe babban albashin ya kasa ƙaramin da jika 15 a shekara, tun ba a zo ga sauran ba.

Sauran kuwa suna da yawa. A nan tana zaune gidan iyayen mijinta, babu haya, da ƙafa take zuwa aiki. A Yamai ga haya, ga ruwa da wuta, ga kuɗin taksi safe da yamma. A nan in ta fita, uwar mijinta ke riƙe mata yara. Can sai ta biya mai reno. Tsakanin Maraɗi da Yamai ya fi kilomita 600, ko wane suna, ko wace gaisuwar rasuwa, kuɗin mota ne zuwa da dawowa. Ga maigida, wanda kasuwarsa tana nan, ba za ta bi shi ba.

Akwai kuma abin da ba ya shiga jakar tafiya. Cikinmu, in ta nemi bashi, ba a tambayar ta jingina, don mun ga zubinta mako bayan mako. In yaro ya kwana da zazzaɓi, asusun taimako yana nan. Wannan tsari na Mata Masu Dubara, da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, a kan sanin juna yake tsaye. Ƙungiyoyi suna nan a Yamai, za ta samu wadda za ta shiga, amma yarda sai an sake gina ta daga tushe. A wurin aiki ma haka ne. Shekara shida ta sa in ta nemi izini ana ba ta. A sabon wuri baƙuwa ce, za ta fara da watannin gwaji, inda za a iya cewa an gode ba tare da wani dogon zance ba.

Ta zauna, amma ba ta zauna haka nan ba. Ta je wurin shugaban lakwal ɗinsu da ladabi ta ce masa an neme ta wani wuri, ita kuma ta fi son ta ci gaba da su. Ya ƙara mata jika biyar. Da ba ta buɗe baki ba, ko dala ba za ta gani ba.

Kada ku ɗauka cewa muke yi zama ya fi tafiya kullum. Sabo turken wawa ne. Ta biyu, ƙanwarmu mai aikin shara da wanki a wani asibiti na kuɗi, lissafinta tafiya ya nuna. Albashinta bai kai jika 42 ba, alhali shi ne mafi ƙarancin albashi a Nijar tun Janairun 2024. Ana bin wata biyu, uku, ba a biya ba. Takarda babu, suna a CNSS babu. Wani asibiti a Damagaram ya neme ta, kuɗin bai fi da yawa ba, amma da takardar kwantaragi, za a kuma rubuta ta a CNSS, inda kuɗin yara da fansho suke fitowa. Mace mai takarda ce ke iya tsayawa ta nemi hutun haihuwa na mako 14 da doka ta ba ta. Ga shi uwarta tana can Damagaram, ɗaki yana jiran ta. Muka ce mata Allah ya sa alheri.

Abu uku muka roƙe ta. Kada ta ajiye tsohon aiki sai sabuwar takarda ta shigo hannunta da sa hannu, don hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ta sanar da mutanenta tun da wuri, ta karɓi takardar shaidar aiki, ta fita ta ƙofa, ko da suna riƙe da kuɗinta. In sun ƙi biya, ofishin sufeton aiki yana nan. Sannan ta biya bashin akwati kafin ta hau mota. Ta biya cikin mako biyar, ranar rabo kuma muka aika mata kasonta cif.

Tun daga nan muka sa 'yan mata biyu suna zama kusa da sakatariya ranar zubi, suna koyon rubuta littafi. Muna so duk ranar da aka sake kiran wata cikinmu, mu iya ba ta shawara don amfanin kanta, ba don tsoron abin da za mu rasa ba.