ZARE: Yadda ake sa lens a ido, da dalilin da ya sa ba na sa wa amarya na aro

1/ Lokacin biki ya kama, kuma tambaya ɗaya ce ke ta shigo mini: "Anti, ya ake sa lens?" Ni mai kwalliya ce a Magama, bakin bodar Jibia. Shekarata 6 ina sa lens na magani saboda ba na gani daga nesa. Bari in yi bayanin gaba ɗaya yau. Zaren da tsawo, ku gyara zama.

2/ Abu na farko, lens ba jambaki ba ne, ba jagira ba ne. Ko mai launi ne na gayu, zama yake a kan tantanin nan garai-garai da ya rufe baƙin ido. Tantanin ba shi da jijiyar jini ko ɗaya, daga iska yake numfashi ta cikin hawaye. Duk abin da kika ɗora masa, numfashinsa kika rage.

3/ Shi ya sa a Amurka tun 2005 doka ta sa lens mai launi cikin kayan asibiti, ba a sayar da shi sai da takardar likitan ido. Mu kuwa a nan, a WhatsApp ake tallarsa tsakanin humra da atamfa. "Ash ne ko zuma kike so?" Shi ke nan tambayar da za a yi miki.

4/ Mu mutanen boda mun san yadda kaya ke yawo. An rufe mana a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibia ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sai Maris 2024. Kaya sun kwana a sito, sun sha rana a bayan mota. Shinkafa za ta jure. Lens fa?

5/ Don haka kafin ki ba da kuɗi, ki duba: kwalin yana nan? Marfin a liƙe yake? Akwai sunan kamfani da ranar lalacewa? Ko da Faransanci aka rubuta, lambobin shekara da wata iri ɗaya ne, za ki gane. Kwalbar da aka kankare wa kwanan wata, ki ajiye musu abinsu.

6/ Sannan ido ba girmansa ɗaya ba. A jikin kwali za ki ga BC da lamba kamar 8.6, wannan lanƙwasarsa ce. DIA kamar 14.2, faɗinsa ke nan a milimita. In ya matse, ido ba ya samun iska. In ya yi sako-sako, yana yawo yana gogar tantani. Awo ne kawai ke nuna naki.

7/ Ni Katsina na je aka auna ni. Mai awon bai bar ni na tafi ba sai da na sa na cire a gabansa sau uku. Wajen minti 40 na yi ina hawaye, idon yana rufe kansa da zarar ya hango yatsa. Yanzu ko minti ɗaya ba na yi. In kin sha wuya ranar farko, kowa haka ya fara.

8/ To ga yadda ake yi. HANNU: ki wanke da sabulu sosai, ki ɗauraye, ki tsane da tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare. Kada ki shafa mai, humra ko turare tukuna. In kin yanka attarugu ranar, wallahi ki haƙura, wanki ɗaya ba ya fitar da shi. Farce kuma a rage.

9/ Kullum ki fara da idon dama. Gidan lens yana da R na dama da L na hagu. Ga masu sa na magani, ƙarfin idanun biyu kan bambanta, in kin musanya za ki wuni kina ganin dishi-dishi. Ko na gayu ne, rabawar tana hana ciwon wannan ido tsallakawa wancan.

10/ Ki zuba shi a tafin hannu, ki ɗauraye da ruwansa, ki ɗora a kan ɗan yatsanki manuni. Ɗaga shi wajen haske. In ya zauna kamar ƙwarya, bakinsa na kallon sama, daidai yake. In bakin ya baje waje kamar tasa mai leɓe, a juye yake, ki juya shi. In ya yage ko kaɗan, shara.

11/ Da yatsan tsakiya na hannun da ke riƙe da lens, ki ja fatar ido ta ƙasa. Ki zagayo da ɗaya hannun ta saman kai ki ɗage ta sama, daga gindin gashin ido. Ta saman nan ita ce mai gardama. In kin riƙe ta daga gira kawai, za ta suɓuce ta ture miki lens.

12/ Ki kalli madubi sak, idanu biyu a buɗe, ki kawo yatsan a hankali har lens ya taɓa ido. Ba sai kin danna ba, damshin ido zai karɓe shi. Ki janye yatsa, ki saki fatar ƙasa, sannan ta sama. Rufe ido, juya shi dama, hagu, sama, ƙasa. Ƙifta sau biyu uku. An gama.

13/ In kallon yatsa yana ba ki tsoro, ki kalli sama, ki ɗora shi a kan farin ido ta ƙasa, sannan ki sauko da kallonki, zai hau wurinsa da kansa. Ki shimfiɗa tawul mai tsabta a gabanki. In ya faɗi a ƙasa, na yini guda ne a yar, na wata kuma sai an wanke an jiƙa shi yadda kwalbar ruwansa ta ce.

14/ "Anti ba zai shige bayan ido ya tafi ƙwaƙwalwa ba?" Ba zai iya ba. Akwai fata siririya da ta haɗe farin ido da cikin fatar ido, babu ƙofa. Amma yana iya naɗewa ya ɓuya ƙarƙashin fatar sama. A Ingila, 2016, an ciro lens 27 daga idon wata mai shekara 67 da ta je aikin yanar ido. Ki tabbata kin ga abin da kika cire.

15/ Lens da ya zauna daidai, bayan 'yan mintuna mantawa ake da shi. In yana suka, ko kina jin kamar tsakuwa, ki cire, ki ɗauraye, ki duba ko a juye yake ko gashi ya maƙale. Kin mayar bai daina ba? Ki bar shi. Maganar "daure, zai saba" ita ke kai mutane asibiti.

16/ KWALLIYA: lens ake fara sawa, sannan hoda da sauransu. Da dare kuma lens ake fara cirewa kafin a goge fuska. Kwalli a bakin ido ta ciki ba ya tafiya da lens, yana shiga ƙarƙashinsa. Ki ja layinki ta wajen gashin ido. Za a fesa miki wani abu a fuska, ki rufe ido ruf.

17/ CIREWA: wanke hannu kamar ɗazu. Kalli sama, ja fatar ƙasa, sa manuni ki zamo da lens zuwa farin ido, sannan ki tsinke shi a hankali da tsokar babban yatsa da manuni. Tsoka na ce, ba farce ba. In ya bushe ya manne, ki ɗiga ruwan jiƙa ido ki jira kaɗan, kada ki fizga.

18/ Ki murza shi a tafin hannu da ruwansa kamar daƙiƙa 20, ki ɗauraye, ki sa a gidansa da SABON ruwa. Na jiya zubarwa ake, ba a ƙara sabo a kansa. Da safe ki ɗauraye gidan da ruwan lens, ki kife shi ya sha iska. Duk wata 3 a canja gida. Na san ruwan da tsada. In ba halin sayensa, ba halin sa lens ke nan.

19/ Yanzu RUWA. Ba na rijiya, ba na burtsatse, ba na 'yan ga-ruwa, ba fiya wata, ba yawu. Ruwan gishirin da aka haɗa a gida ma a'a. Akwai wata ƙwayar cuta, Acanthamoeba, da ke rayuwa a ruwa da ƙasa. A ciki ba ta cika damun mutum ba, amma in ta maƙale tsakanin lens da ido, jinyarta watanni ce, kuma tana makantarwa.

20/ Don haka a cire kafin wanka. Masu zuwa dam ɗin Jibia yawon sallah, kada a shiga ruwa da shi. Wajen alwala ni rufe idona nake sosai in zan wanke fuska, in tsane ruwan da ke gashin ido kafin in buɗe.

21/ BARCI: hukumar CDC ta Amurka ta ce kwana da lens yana ninka haɗarin kamuwa da ciwon ido sau 6 zuwa 8. Ido a rufe, iska ta ragu, ga ɗumi ga damshi, ƙwayoyin cuta sun samu ɗaki. Har barcin rana bayan azahar yana ciki. Kin dawo daga dina ƙarfe 11 a gajiye, ki cire tukuna.

22/ Wanda ya san Magama da hunturu ya san ƙurar da tireloli ke tayarwa a hanyar Maraɗi. Irin ranakun nan tabarau na nake sawa. In dole sai lens, to da baƙin gilashi a kai in zan hau acaɓa. Hayaƙin murhu da na kaskon turaren wuta ma suna busar da shi, amare a kula.

23/ Kowane lens da wa'adinsa: na yini guda, na sati 2, na wata. Daga ranar da kika fasa marfi ake ƙirge, ba yawan ranakun da kika sa ba. Na wata da kika sa sau biyu a bikin ƙaramar sallah, ba zai kai ki babbar sallah ba, ko da a ido yana nan kamar sabo.

24/ Sai maganar da ta sa ni rubuta zaren nan: ARO. Lens ɗaya ya zaga ƙawayen amarya biyar. Ko mai kwalliya ta ajiye kala-kala a jaka, ta sa wa wannan yau, ta sa wa waccan gobe, duk a ruwa ɗaya. Ke da ba za ki ari buroshin haƙorin ƙawarki ba, ya aka yi ido ya fi baki arha?

25/ Akwai wata yarinya a unguwarmu, ba zan faɗi suna ba, da izininta nake ba da labarin. Ta ari mai ruwan toka ranar Juma'a don kamu. Aka tashi dare, ta kwana da shi. Asabar ido ya yi ja, aka ce apolo ne, aka sayo maganin ɗigawa a kemis ba tare da kowa ya duba idon ba.

26/ Daren Lahadi ba ta iya kallon ko hasken waya. Kun dai san halin da muke ciki, ba mai ɗaukar hanyar Katsina da dare. Haka mahaifiyarta ta zauna da ita tana kuka har asuba. Litinin da safe likita ya duba ya ce gyambo ne a tantanin ido, kuma ya riga ya ci wuri.

27/ An ceto idon, alhamdu lillahi, amma hakiya ta zauna a tsakiyar baƙin. Da wannan idon inuwa kawai take gani. Shekararta 19. Hotunan kamun suna nan a wayarta, ta yi kyau ƙwarai, ta ce mini ba ta iya buɗe su.

28/ Akwai ƙwayar cutar da ake kira Pseudomonas, tana iya lalata tantanin ido cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Wanda ke zaune kusa da asibitin ido yana da sararin yin ganganci. Mu da ke nesa, ga shingaye a hanya, ga dare ba a fita, kwana biyun nan a jiran gari ya waye suke ƙarewa.

29/ Shi ya sa a wurina doka ce: ba na ajiye lens na haya, ba na sa wa kowa na aro. Amarya ta zo da nata sabo a liƙe, in koya mata ta sa da hannunta. Na rasa kwastomomi a kan haka, wata har ta ce in ba zan iya aikin ba in faɗa. Kuɗin yana mini ciwo, ba ƙarya. Amma kullum ina haɗuwa da yarinyar nan a layinmu.

30/ ALAMOMIN GUDU ASIBITI: jan ido, zafi, rashin son haske, gani ya dushe, hawaye ko kwantsa da yawa, ɗigon fari a kan baƙin ido. Ki cire lens nan take, ki tafi da shi da gidansa, RANAR. Ba nono, ba ruwan sikari, ba tozali. Wasu magungunan ɗigawa na kemis suna kwantar da jan, gyambon yana ci a ƙarƙashi.

31/ A Katsina akwai asibitin ido na gwamnatin jiha. A Kano akwai na ECWA da na Makka. A Kaduna akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa. Can ake awo, can ake koya sawa da cirewa. Kuɗin mota da na kati ba su kai kuɗin leshi ɗaya na anko ba.

32/ Samari masu sa lens don bidiyon TikTok, kada ku ce da mata nake, duk abin da na lissafa ya hau kanku. 'Yan uwana masu kwalliya kuma, daga Jibia har Ɗan Isa da Maraɗi, mu haɗa baki a kan maganar aron nan, don in ni na ƙi ke kin karɓa, ba a yi komai ba.

33/ Ku tura zaren nan cikin guruf ɗin ƙawayen amarya kafin a fitar da anko. Mai tambaya ta ajiye a ƙasa, zan amsa bayan isha'i in netwok ya bari. Allah Ya tsare mana ganinmu, Ya ba ƙanwata lafiya.