Kibiya Biyu a Jikin Farfela

Motata tsohuwar Marsandi ce, irin wadda direbobi ke kira 911, ta kuma girmi ɗan farina. Da ita nake ɗaukar kaya daga Katsina, in bi hanyar Jibiya, in ƙetare iyaka a Magama, in wuce Ɗan Isa har Maraɗi. Daga abin da take kawowa nake ciyar da iyalina, nake kuma fitar da zakka da baiko. Sa'ad da sojoji suka karɓi mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli 2023, aka rufe iyaka a watan Agusta, sai motar ta zauna a ƙofar gida wata da watanni. Zaman banza ya ishe ni. Wata rana na shiga ƙarƙashinta, na kwance farfela, wato doguwar sandar ƙarfen nan da ke kai ƙarfin inji daga giya zuwa tayoyin baya, na zare ta gida biyu, na wanke, na sa sabon kuros, na mayar. Ban kira bakanike ba, gama kuɗinsa ma babu.

Da aka buɗe iyaka a watan Maris 2024, na yi lodi na kama hanya ina yabon Ubangiji. Ban yi nisa da Katsina ba sai na ji kujera tana karkarwa a ƙarƙashina, madubi yana rawa har ban iya ganin abin da ke bayana. Na ce laifin hanya ne. A tafiya ta biyu na ce tayoyi ne suka lalace saboda dogon zama, na ci bashi na sayi biyu. Karkarwar ba ta ragu ba. Kowane direba ya san abin da ake tsoro: idan farfela ta tsinke daga gaba mota tana gudu, takan caki ƙasa ta ɗaga motar. Ko ba ta kai ga haka ba, hanyar Jibiya a shekarun nan ba wurin da mutum zai so dare ya same shi da lalatacciyar mota ba ne.

Yaron motata ɗan ƙanwata ne, maraya, shekararsa goma sha tara. Shi nake ba kuɗin giris, shi ke shiga ƙarƙashi ya ɗura. Wata yamma a layin kwastan, rana ta dafa mu, bashi yana cin raina, na juya na ce masa ya cinye kuɗin giris ya bar mini kuros a bushe. A gaban direbobi da masu tallan ruwa na faɗa, da murya mai ƙarfi. Ya ce, "Kawu, wallahi ina sawa." Na ce ya sauka. Ya ɗauki 'yar jakarsa ya sauka. Ban sunkuya na duba ba. Shekara ashirin ina tuƙi, na ɗauka kunnena ya wuce a yi masa gardama.

Mako biyu bayan haka na kai motar wurin wani dattijon bakanike da ke aiki a gindin itacen dalbejiya kusa da Magama. Musulmi ne, mai ƙarancin magana. Bai taɓa sufana ba sai da ya gama yi mini tambayoyi kamar likita.

"A ina kake jinta, ɗana? A sitiyari ko a kujera?"

Na ce a kujera da ƙasan ƙafa.

"In mota tana tsaye ka taka totur, tana yi?"

Na ce a'a.

"To ba inji ba ne. In kana gudu ka ɗaga ƙafa fa?"

Na ce takan lafa, in na sake takawa da lodi sai ta dawo.

Ya ce taya ba ruwanta da totur. In ita ce, ko ka taka ko ka ɗaga, muddin gudun bai sauya ba haka za ta yi ta dukanka, a hankali, kamar mai daka. Farfela kuwa tana juyawa sau da yawa kafin taya ta zagaya sau ɗaya, shi ya sa karkarwarta take da sauri, kamar ƙugi. Ya sa aka danne tayoyi da duwatsu, aka fitar da giya, ya shimfiɗa buhu ya kwanta, ya ce in kwanta kusa da shi.

Ya kama farfela da hannu biyu ya murɗa gaba da baya, ya ɗaga ta ya sauke. Babu wasa a kuros ko ɗaya. Ya nuna mini bakin kofunansu, ya ce da sun bushe da na ga jan gari kamar barkono yana fita, wato tsatsar ƙananan allurai da ke ciki. Maimakon haka ya shafo giris da yatsa ya kai mini gaban ido, mai laushi, bai daɗe ba. Ya ce, "Wanda ke yi maka wannan aiki ba ya ha'inci." Ban amsa ba. Ya matsa tsakiya ya nuna mini robar da ke riƙe da boris ɗin tsakiya ta yage, amma ya ce wannan rauni ne da wani abu ya ji mata, ba ita ce mafari ba.

Sa'an nan ya goge wurin da farfela ke zurawa cikin 'yar'uwarta da tsumma da ɗan kananzir. Kibiya biyu ƙanana suka bayyana, waɗanda maƙeranta suka buga, ɗaya a kowane ɓangare. Ya kamata su dubi juna. Nawa sun saɓa da haƙori uku. Ya bayyana mini cewa kuros, idan yana aiki a karkace, ba ya juyawa da gudu ɗaya: yakan yi sauri ya yi jinkiri sau biyu a kowane zagaye. Kuros na biyu shi ke warware wannan, amma sai kunnuwansu suna kan layi ɗaya. In an zare an mayar a saɓe, maimakon ɗaya ya gyara ɗaya, sai su haɗu su girgiza motar duka.

"Wa ya kwance ta?"

Ina kwance a ƙasa, fuskata kamu ɗaya daga aikin hannuna, na ce, "Ni ne, Baba."

Bai yi dariya ba. Ya ce gobe in zan kwance abu in fara sa masa alama da alli. Gyaran bai kai sa'a biyu ba, kuɗinsa tare da sabuwar roba bai kai rabin kuɗin taya ɗaya ba. Na koma Katsina madubi yana tsaye cik, amma ni ban sami natsuwa ba.

'Yan'uwa, na sha jin wa'azi a kan gungume da ɗan hakin da ke cikin ido, a Matiyu sura 7, har nakan gyaɗa kai ina tuna waɗansu mutane. Ban taɓa zaton gungumen zai zo mini da siffar ƙarfe mai giris ba. Abin da ya fi damuna ba kuskuren haɗa farfela ba ne, gama kowa yakan yi kuskure. Na zargi hanya, na zargi taya, na zargi maraya, duk don kada in sunkuya in dubi wuri ɗaya tak da hannuna ya taɓa. Kowace safiya kafin in tada mota ina addu'a Ubangiji ya tsare ni daga mugaye a hanya, ban taɓa roƙonsa ya bincike ni ba, yadda Dawuda ya roƙa a ƙarshen Zabura 139.

Lahadin da ta biyo baya ranar Jibin Ubangiji ce. Na sa tufafina, na ɗauki Littafi Mai Tsarki, na kai har ƙofar majami'a. A nan umarnin Yesu a Matiyu sura 5 ya tsaya mini a wuya, inda ya ce mai kawo baiko ya fara zuwa ya shirya da ɗan'uwansa. Na juya. Matata ta bi ni da kallo, ba ta tambaye ni ba.

Na same shi a tasha yana dakon buhuna, ya rame. Da na yi niyyar in ja shi gefe, sai na tuna a gaban mutane na kunyata shi. Na tsaya a inda abokan aikinsa ke ji, na ce giris ɗinsa yana nan, ni ne na haɗa farfela a saɓe, na yi masa ƙazafi, ya gafarta mini. Ya sauke buhun, ya daɗe yana duban ƙasa.

Ya ce, "Ba kome, Kawu." Amma bai ce zai dawo ba. Ya ce ya riga ya yi wa mai kayan alkawari har ƙarshen wata, kuma sai ya yi shawara da mahaifiyarsa. Na ce ya yi daidai. Ranar Talata na yi lodin Maraɗi, na shiga ƙarƙashin motar na ɗura giris da kaina, na bar kujerarsa ba kowa.