Yayin Baɗi Yana Cikin Adaka

'Yan'uwana mata, bari in ba ku labarin wautata. Da Inna ta rasu, Allah Ya jiƙanta, na gaji atamfarta Holan mai zanen tsattsewa. Na raina ta, na ce ai kayan tsofaffi ne, na kyautar.

Ba a rufa shekara uku ba na shiga Kantin Kwari sayen anko, sai ga zanen nan a rataye, launi kawai aka sake. Mai shago ya ce, "Hajiya, sabon yayi ke nan." Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Ashe haka sana'ar take. Kamfanin Vlisco na ƙasar Holan, wanda aka kafa tun 1846, yana adana tsofaffin zanensa, jefi-jefi ya fito da su da sabon launi. Masu buga atamfa a ƙasar Sin kuma su kwaikwaya, su sayar da araha. Ke nan abin da za a yi yayi baɗi, wataƙila yana cikin adakar kakarki.

Don haka 'yar'uwa, kada ki ci bashi don yayi, kada ki raina na gado. Ni dai na sayi kwaikwayon, amma babu ƙamshin Inna a jikinsa.