Timbuktu: Ƙofar Sidi Yahaya da Akwatunan Ƙarfe

Ta ruwa na shiga Timbuktu, daga Mopti, cikin dogon jirgin nan da 'yan Mali ke kira pinas, tare da buhunan shinkafa da awaki. Muka sauka a tashar Koriyume, mota ta ƙarasa da mu. Garin bai kai girman sunansa ba. Yashi ya cinye tituna, gidaje na ƙasa da farin dutse, amma da ka tsaya gaban masallacin Jingareber, wanda aka gina tun zamanin Mansa Musa wajen 1327, sai ka ji bakinka ya mutu.

A 2012 mayaƙan Ansar Dine suka karɓe garin. Ƙarshen watan Yuni suka fara rushe hubbaren waliyyai da gatari da diga, suka fara da na Sidi Mahmud. Bayan kwana biyu suka ɓalle wata ƙofa a masallacin Sidi Yahaya, wadda mutanen gari suka gada cewa ba za a buɗe ta ba sai ƙarshen duniya. Na san masu karatu sun rabu kan hukuncin gini a bisa kabari, saɓanin kuma ya girme mu duka. Ni dai abin da na gani shi ne ba a tambayi masu garin ba, bindiga ce ta yanke hukunci. Maginan Timbuktu, waɗanda suka gaji sana'ar kaka da kakanni, sun sake tayar da hubbare 14 da taimakon UNESCO, a 2016 kuma kotun duniya da ke Hague ta ɗaure Ahmad al-Faqi al-Mahdi shekara 9. Ƙofar ma an gyara, na tsaya a gabanta.

Littattafai kuwa ba a sake gina su. A Janairun 2013, da sojojin Faransa suka matso, mayaƙan suka cinna wa rubuce-rubucen hannu kimanin 4,000 wuta a Cibiyar Ahmad Baba. Abin da ya tsirar da sauran, dubu ɗaruruwa, kayan aikinmu ne na fatake: akwatin ƙarfen nan mai fenti da muke zuba atamfa. Abdulƙadir Haidara da iyalan da ke da ɗakunan karatu suka riƙa cika su da dare, ana ɓoyewa a gidaje, daga baya aka bi da su ta mota da jirgin ruwa har Bamako, shinge bayan shinge. Direbobi da matuƙa jirgi ne suka ɗauki kasadar, mutanen da ba wanda ya san sunansu. Fiƙihu, lissafi, taurari, magani, har wasiƙun ciniki da takardun bashi, irin rubutun da ka sani a zauren malamai na Kano ko Agadas.

Sai dai hanyar da ta fitar da littafi don a cece shi, ita ke fitar da na sata. A Bamako wani ya buɗe mini jaka: ganye biyar na tsohon rubutu, da ɗan gunkin yumɓu da ya ce daga wajen Jenne aka tono. Ya ce in haɗa cikin kayana, akwai mai karɓa a gaba, ladana daban. Na ce Allah ya ba da kasuwa. Ganyen ba farko ba ƙarshe, an yage su ne daga tsakiyar littafi, don an fi samun kuɗi idan aka sayar ɗaya-ɗaya.